Robot ɗina a CoppeliaSim gaba kawai ya sani, baya jin birki baya jin kwana, a taimaka

Ɗan Jarwal:

Assalamu alaikum yan uwa. Dan Allah masu harkar robot ku zo ku cece ni, wlh yau kwana huɗu kenan kaina a ɗaure. Ni ɗalibi ne a nan Jidda shekarar ƙarshe, gida Makka, kuma mashru'in kammalawa da daktur ya bamu shine mu tuƙa robot mai taya daga nesa da kibod, farko a cikin manhajar kwaikwayo daga baya in an dace a gwada a na gaske. Mu uku ne a aikin amma kun san yadda abin yake, ɗaya ya ɗauki rubutun rahoto ɗaya kuma tun ranar da aka raba aiki sai gaisuwa a WhatsApp, toh kod ɗin ya faɗo kaina.

Abin da nayi shine, na sauke manhajar kwaikwayon, CoppeliaSim Edu, a laftof ɗina mai Windows, na jawo robot Pioneer P3-DX ɗin nan daga cikin robots/mobile na ajiye a fili, na kafa masa bango huɗu da akwatuna biyu a tsakiya. A ɓangaren Python nayi pip install coppeliasim-zmqremoteapi-client, na rubuta kamar haka:

client = RemoteAPIClient()
sim = client.require('sim')
hagu = sim.getObject('/PioneerP3DX/leftMotor')
dama = sim.getObject('/PioneerP3DX/rightMotor')
sim.startSimulation()

sai nasa pynput tana sauraron maɓallai, W gaba, S baya, A hagu, D dama, kowanne yana kiran sim.setJointTargetVelocity, umarnin da ke ba taya gudu, akan tayoyin biyu.

Yanzu ga mushkilar. Gaba yana aiki lafiya lau, ina kunna kod ɗin robot zai kama hanya. Amma in na danna S bai san anayi ba, A da D ma haka, ko gezau. Na sa masa sifili a tayoyi biyu don ya tsaya, yaƙi tsayawa. Abin da ya ƙara rikita ni shine wani lokaci yana yin kwanar amma sai ya ga dama, ya'ani zan danna A in ta dannawa sai bayan daƙiƙa goma ko fiye ya juya, wani sa'in ma dama zai juya alhali hagu nace. Da farko nace ko jinkirin saƙo ne, laftof ɗin tsohuwa ce fankarta na ihu kamar mukayyif ɗin shago, na rufe komai na bar manhajar kaɗai, duk ɗaya. Babu wani jan rubutu na kuskure, ba a Python ba ba a manhajar ba, komai shiru, da ma zagina yake da na san inda zan kama.

Na goge manhajar na sake sakawa sau biyu. Na canza injin lissafin motsi daga Bullet zuwa ODE na dawo. Na kashe fayawol, mai tsaron abin da ke shiga da fita laftof ta network, gaba ɗaya. Ranar Lahadi mai zuwa daktur yake son ya gani da idonsa, kuma yace daga wata laftof daban za'a tuƙa ba wadda manhajar ke ciki ba, ni ko a guda ɗayar ban iya ba tukunna. Duk wanda ya taɓa cin karo da irin wannan dan Allah ya taimaka, Allah ya saka da alheri.

Bagadarife a Riyad:

Wa alaikumussalam ɗan uwa. Ni ina zargin ƙofa ce, wato lambar da Python ke ƙwanƙwasawa. Lokacin da muke karatu a Khartum kafin yaƙin 2023 ya watsa mu, da V-REP muka yi irin wannan aikin, shine tsohon sunan manhajar kafin su canza mata suna a 2019. A wancan tsarin ƙofa biyu ne suke rikita mutane, 19997 wadda take buɗe da kanta da zarar ka kunna manhajar, da 19999 wadda sai ka rubuta simRemoteApi.start(19999) a cikin fili kuma sai ka danna maɓallin farawa kafin ta buɗe. In ka saɓa sai simxStart ya dawo maka da -1, yawancinmu kuma bama dubawa, mu ci gaba da aika umarni cikin iska. Sannan dole sim.py da simConst.py da remoteApi.dll su zauna a folda ɗaya da kod ɗinka, kuma in Python ɗinka 64 ne dll ɗin ma ya zama 64. Ni wannan na ƙarshen ya cinye min sati guda, ga wuta tana ɗaukewa, duk lokacin da na kusa gano abu sai batir ya mutu.

Wani abu kuma, in kana amfani da simx_opmode_oneshot sannan ka kira simxFinish nan take, umarnin ƙarshe yana iya mutuwa a hanya bai isa ba, shi yasa ake kiran simxGetPingTime kafin a rufe. Duba waɗannan ya zol, in sha Allah ɗaya daga ciki ne.

Ɗan Jarwal:

Nagode sosai yayana. Amma ni hanyar da Python ɗina ke magana da manhajar ba tsohon tsarin nan na simx bane, sabon ne mai ZeroMQ, ƙofarsa 23000 kuma ban taɓa ta ba. Na ma gwada wancan tsohon da farko don duk bidiyon YouTube shi suke koyarwa, sai naga sunayen basu dace ba, su suna rubuta Pioneer_p3dx_leftMotor ni kuma nawa /PioneerP3DX/leftMotor ne a jerin, shine na koma sabon. Nayi print na hagu da dama duk sun bani lambobi, kuma ai kod ɗin ne yake tada kwaikwayon da kansa, da ba'a haɗe suke ba ai bazai tashi ba ko?

Tsohon Injiniya Jubail:

Haka ne ƙanina, a haɗe kuke, bar batun ƙofa. Abin da malam na Riyad ya faɗa gaskiya ne amma maganin wata cuta ce daban. A ZeroMQ in babu mai amsawa a ɗaya ɓangaren kod ɗinka tsayawa zai yi cak a layin require yana jira har ka gaji, bazai kai ga tada komai ba.

Kafin ka taɓa komai yi min gwaji ɗaya. Rufe Python ɗin gaba ɗaya, rufe taminal ɗin ma. Je ka danna maɓallin farawa na manhajar da hannunka ka naɗe hannu ka kalla. Na tabbata robot ɗin zai kama hanya shi kaɗai, in ya kusa bango ya kauce. Kaga kenan gaban nan da kake cewa yana aiki lafiya lau ba kai bane, kuma kwanar da yake yi bayan daƙiƙa goma ba jinkirin saƙonka bane, bango ya gani. Shi yasa kake cewa hagu yana tafiya dama, bai taɓa jin maganarka ba tun farko.

Dalili shine Pioneer ɗin da ke cikin manhajar da direbansa yake zuwa. Akwai ɗan rubutun kod na yaren Lua a manne da shi, a tsofaffin siga zaka ga alamar takarda a gefen sunansa a jerin kayan da ke hagu, a sababbi kuma yana fitowa a ƙarƙashinsa kamar wani abu mai zaman kansa. Danna shi sau biyu ka karanta, baifi layi talatin zuwa arba'in ba. Yana karanta sansa 16 ɗin da suka kewaye jikin robot ɗin masu auna nisa da sauti, ya lissafa gudun kowace taya da dabarar Braitenberg, wato in abu ya matso ta wani gefe a rage wa tayar ɗaya gefen gudu don ya kauce, in babu komai a gaba tayoyin biyu su tafi da v0 wanda aka sa masa 2. A ƙarshen sysCall_actuation zaka ga layi biyu na setJointTargetVelocity, irin naka sak. To wannan aikin a kowane mataki ake kiransa, matakin kuma milisakan 50 ne in baka canza ba, sau 20 kenan a daƙiƙa ɗaya ta kwaikwayo. Kai ka danna S ka rubuta naka sau ɗaya, kafin taya ta ji shi ya goge ya rubuta nasa. Umarninka yana isa, shi yasa babu kuskuren da ya fito, isa yake a shafe shi. Ba a sarki biyu zamani ɗaya.

Ko ka goge rubutun, ko ka sa --, alamar da ke sa Lua ta tsallake layi, a gaban layi biyun nan na ƙarshe. Ni na fi son na biyu domin gobe daktur ɗinku zai iya cewa a ƙara kaucewa bango, ka ga lissafin yana nan ba sai ka sake ba. Ka yi hakan kwaikwayo a tsaye, sannan ka ajiye filin da sabon suna.

Bayan nan kada ka koma kan kibod tukunna. Rubuta layi biyar kawai: tada kwaikwayo, ba tayoyi biyu gudu, jira daƙiƙa uku, basu sifili, tsayar. In wannan yayi sai a hau mataki na gaba. Ku yaran yanzu da abu ya ƙi sai goge manhaja da kashe fayawol, a wurin aikinmu in ka kashe fayawol don injin ya ƙi motsi ranar zaka ajiye katin shiga. Maida shi yanzu.

Ɗan Jarwal:

Innalillahi Baba wlh kamar kana tsaye a bayana. Na rufe Python na danna farawa, ga shi nan yana yawonsa yana kauce wa akwatuna, har abokin ɗakina yana min dariya yace kwana huɗu kana tuƙa motar da ba kai ke riƙe da sitiyari ba. Kunya kamar in nutse, don jiya har bidiyo na tura wa yan rukuninmu nace gaba ta samu saura kwana.

Na sa -- ɗin, na maida fayawol, nayi gwajin layi biyar ɗin yayi, yana tafiya yana tsayawa. Sai dai tafiyar hawainiya yake, na bashi 0.3 don ina son santimita 30 a daƙiƙa amma sai ka ƙura ido kafin ka gane yana motsi. Wannan ɗaya kenan. Na biyu kuma ana kukan targaɗe sai ga karaya, na dawo da kod ɗin kibod, jiya bayan isha'i W da S da A da D duk sunyi, na kwanta da murna, yau da safe na kunna ko taya ɗaya bata juya ba, ban canza ko harafi ɗaya ba billahillazi. Gwajin layi biyar yana yi har yanzu, kibod ne kawai ya mutu. Sannan jiyan ma da yake aiki sau biyu ya faɗi da wani rubutu wai Operation cannot be accomplished in current state, lokacin ina danna maɓallai da sauri.

Yar Madina:

Sannu ƙanina. Kalli ƙasan allonka ta dama kusa da agogo, me aka rubuta a wurin, ENG ko ع? Ina kyautata zaton da safen nan ka rubuta wani abu da Larabci kafin ka kunna kod ɗin, ko saƙo ko rahoto, ka manta baka juya ba. In kibod yana kan Larabci maɓallin W ص yake bayarwa, A ش, S س, D kuma ي, kod ɗinka kuma yana tambaya ne ko harafin 'w' ne, sai ya ga ص yace ba nawa bane yayi shiru. Saka print(key) a farkon on_press, wato aikin da pynput ke kira in ka danna maɓalli, ka gani da idonka. Ina koyar da yara harkar robot da yamma a nan Madina kuma duk zango sai wannan ya kama wani, akwai yarinyar da ta fashe da kuka tana cewa robot ɗinta ya lalace alhali Alt da Shift ta haɗa da gwiwar hannu. Caps Lock ma yana yin haka, W babba ba w ƙarami bane a wurin Python.

Mafita mai sauƙi ka bar haruffa ka koma maɓallan kibiya, su basu da yare, Key.up da Key.down da Key.left da Key.right. Amma ka lura waɗannan basu da .char, in ka bar layin key.char a sama zai faɗi da AttributeError da ka taɓa kibiya, kwatanta key ɗin kai tsaye.

Shi kuma rubutun da yake faɗo maka, daga ina kake kiran setJointTargetVelocity, daga cikin on_press ko? Kuma nasan akwai wani zagaye a ƙasa da yake tambayar manhajar wani abu, ko matsayin robot ko lokaci. pynput a zarenta daban take gudu, wato gefe da gefe da babban kod ɗinka, toh mutum biyu kenan suke magana ta waya ɗaya. Layin ZeroMQ ɗin nan tsarinsa tambaya ɗaya amsa ɗaya ne, in ka aika ta biyu kafin amsar farko ta dawo shine yake baka wannan rubutun, shi yasa sai kana sauri yake faruwa. Kada on_press ya taɓa sim ko kaɗan. Aikinsa kawai ya rubuta a wasu ma'ajiya biyu, v na gudu da w na kwana, on_release kuma, in ka saki maɓalli, ya maidasu sifili. Babban zagayen shi kaɗai ne zai karanta su ya aika. In ka ƙara sim.setStepping(True) kafin farawa, sannan a kowane zagaye ka aika hagu ka aika dama ka kira sim.step(), tayoyin biyu zasu karɓi umarni a mataki ɗaya, ba zaka ga yana ɗan karkacewa a farkon tashi ba. Sai dai in ka kunna wannan ka manta sim.step() kwaikwayon zai daskare yana jiranka, kar ka dawo kace ya sake mutuwa.

Batun hawainiya na bar wa Baba, shi ya fara.

Bagadarife a Riyad:

Hhhh wallahi batun ص ɗin nan ya tuna min, mu a wata manhajar kwaikwayo, Gazebo, ya taɓa kama mu da robot TurtleBot3, muna ta duba saiti muna zarginsa ashe kibod ne. Malama Allah ya ƙara basira. Ni dai na yarda zamani ya wuce ni, ashe simx ɗin ma an daina yayinsa, bari in je in sauke sabon in gani ko laftof ɗina zata ɗauka.

Tsohon Injiniya Jubail:

Malama ta gama magana. Hawainiya kuma ma'auni ne. Taya ba mita take ji ba, juyi take ji, radiyan a daƙiƙa. Daga tsakiyar tayar Pioneer zuwa bakinta mita 0.0975 ne, to 0.3 ɗinka sau 0.0975 bai kai santimita 3 a daƙiƙa ba, ka nemi 30 ka samu 3. Raba gudun da kake so da 0.0975, zaka samu 3.08 ko kusa. Direban da ka kora da 2 yake tafiya, kusan santimita 20 kenan. In zaka haɗa da kwana:

dama = (v + w*L/2) / r
hagu = (v - w*L/2) / r

r shine 0.0975 ɗin nan, L kuma tazarar tayoyin biyu ce, wajen santimita 33, amma duba matsayinsu a filinka ka cire da kanka, kar ka kwafa daga bakina.

Na ranar Lahadi kuma, a laftof mai manhajar buga ipconfig ka ɗauki adireshinta, a ɗayar ka rubuta RemoteAPIClient(host='adireshin'), sai ka buɗe wa 23000 hanya a fayawol, ita kaɗai, ba ka kashe shi duka ba. Kada ka dogara da waifai ɗin jami'a, irin waɗannan sau da yawa suna hana na'urori ganin juna ko da duk suna kai, kunna hotsifot a jawwal ɗinka ka haɗa su biyun, kuma ka gwada a ɗakin da za'a yi abin tun ranar Alhamis.

Abu ɗaya da zan tambaye ka da ni ne daktur: kana danne da gaba sai layin ya yanke, me robot zai yi? Gudun da ka bashi na ƙarshe yana nan a taya har sai wani ya canza, in ba stepping kake ba zai tafi ya daki bango. A kwaikwayo dariya ce, a na gaske ƙarfe ne mai nauyi da ƙafar mutum a gabansa. try da finally na Python, in ka sa umarnin tsayawa a cikin finally, zasu rufa maka asiri in kod ɗin ne ya faɗi, amma in waifai ne ya yanke finally bata da hanyar isa. Sai ka sa mai gadi a ɓangaren robot ɗin, a cikin rubutun Lua ɗin nan da nace kar ka goge, in rabin daƙiƙa ta wuce bai ji daga gareka ba ya sa sifili.

Ɗan Jarwal:

Malama ع ne wlh, na tura wa Umma saƙo bayan asuba ta WhatsApp ɗin laftof. print ya nuna min ص ɓaro-ɓaro. Na koma kibiya, na fitar da sim daga on_press, na raba da 0.0975, yanzu yana gudu yana kwana yana tsayawa da na ɗaga yatsa, na kai minti ashirin ina zagaya akwatunan nan bai faɗi ba ko sau ɗaya. Mun gwada da laftof ɗin abokin ɗakina ta hotsifot shima yayi, sai dai da stepping a kunne yana ɗan nauyi akan waifai, ina ga don kowane zagaye kira uku ne kuma kowanne sai ya je ya dawo.

Allah ya saka muku da alheri dukkanku, Baba in ka shigo umra ka neme ni shayi da mutabbaƙ a wuyana. Mai gadin ne ban gane yadda zan yi ba, ta yaya rubutun Lua ɗin zai san cewa Python yayi shiru, lokaci zan dinga aika masa ko ƙirga zan sa yana hawa? Kuma agogon kwaikwayo zan duba ko na laftof, don naga in stepping na kunne kuma layi ya yanke agogon kwaikwayon ma tsayawa yake.